Yadda harafi ɗaya ke raba mutum da fanshonsa

Kuɗin fanshonka ba a akwati suke ba. Layi ne kawai a rumbun bayanan kwamfuta: suna, ranar haihuwa, lamba, da abin da ake yanka duk wata. Idan layin nan ya rabu da mai shi, kuɗin suna nan daram, amma ba a san na wane ne ba.

Abin da ya faru a Japan ke nan. A 2007 aka gano bayanan fansho kimanin miliyan 50 da ba a haɗa su da masu su ba. Kafin 1997 mutum kan samu lamba fiye da ɗaya idan ya sauya aiki, sai a shekarar aka ba kowa lamba guda. Wajen haɗe tsofaffin bayanan ne aka sha wuya. Sunan Bajapane da aka rubuta da kanji yana iya karantuwa ta hanya biyu ko uku, kuma lokacin kwashe takardu zuwa kwamfuta wasu ma'aikata sun yi ta cinkar karatun. Ga kuma matan da suka sauya suna bayan aure. Ƙarshenta dai an rushe hukumar, wata ta maye gurbinta a 2010.

Mu ma fa ba mu tsira ba. Muhammad, Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne a gida, amma a wajen kwamfuta mutum uku ne. A tsarin da Najeriya ta fara a 2004, kowane ma'aikaci yana da asusunsa da lambarsa. Tun 2014 kuma ana zuba masa akalla kashi 18 cikin ɗari, 10 daga wurin aiki, 8 daga albashinsa. Wurin aikin kan tura kuɗin a dunƙule tare da jadawalin sunaye. Lamba ɗaya ta karkace, shi ke nan, kuɗin sun maƙale a hanya.

Nan aikin ma'aikatan fasaha yake. Su ke daidaita jadawali da kuɗin da suka shigo, su zaƙulo masu asusu biyu, su adana kwafin bayanai saboda ɓacin rana. Mafi wuya, a ganina, shi ne haɗe asusu biyu masu kama da juna: ka yi sassauci ka ba wani kuɗin wani, ka tsananta ka bar mai haƙƙi yana zarya. Shi ya sa PenCom ta sa a sake ɗaukar bayanan tsofaffin masu asusu, a haɗa su da lambar NIN. Idan ba ka je ba tukuna, ka je tun kana aiki, tun takardunka suna kusa.