Albashi Da Ladan Aikin Masu Zayyana A Nijeriya

Duk wanda ya ratsa kasuwa ko ya bi babban titi a kowane gari na ƙasar nan, idonsa ba zai rasa faɗawa kan aikin mai zayyana ba. Allon talla da ke bakin hanya, da tambarin da ke jikin kwalin sabulu, da bangon littafin makaranta, da katin gayyatar ɗaurin aure, da takardun faɗakarwa da ake mannawa a asibiti, dukansu sai da wani ya zauna ya zaɓi launi, ya daidaita haruffa da hotuna, sa'an nan aka kai su maɗaba'a. Wannan mutum shi ake kira mai zayyana. A da can da alƙalami da fenti da almakashi yake aiki, yanzu kuwa galibi da kwamfuta.

Ko da yake aikin ya game ko'ina, jama'a da yawa ba su san yadda ake biyansa ba. Wannan ne ke kawo yawan saɓani, mai ba da aiki yana ganin an tsawwala masa, mai zayyana kuma yana ganin an tauye masa haƙƙi. Masu wannan sana'a kashi biyu ne: akwai masu karɓar albashi a ƙarshen wata, akwai kuma masu zaman kansu, waɗanda ake biya jinga a kan kowane aiki. Kowane kashi da irin ƙa'idarsa.

Mai Albashi A Aikin Gwamnati

Ma'aikatun watsa labarai, da maɗaba'un gwamnati, da gidajen talabijin, da jami'o'i suna ɗaukar masu zayyana aiki. A nan ba a yin ciniki a kan albashi, domin an riga an tsara shi mataki-mataki. Tun daga rahoton Hukumar Udoji na 1974 aka kasa aikin gwamnati zuwa matakai 17. Wanda ya shigo da digirin jami'a yakan fara daga mataki na 08, mai ƙaramar takardar shaida kuwa ya fara daga ƙasa da haka. Albashin mai zayyana daidai yake da na kowane ma'aikaci da ke matakinsa, ba a ƙara masa don zanensa ya yi kyau, ba a kuma rage masa don aiki ya yi ƙaranci a wannan wata. Amfanin wannan hanya shi ne tabbas, ga ƙarin girma, ga hutun shekara, ga fansho.

Mai Albashi A Kamfani Ko Maɗaba'a

A kamfanonin talla da jaridu da bankuna da maɗaba'u masu zaman kansu, albashi abin daidaitawa ne tsakanin ma'aikaci da mai kamfani. Abubuwan da ke ɗaga shi su ne ƙwarewa, da yawan shekarun aiki, da girman kamfanin, da garin da yake. Galibi an fi biya da tsoka a Legas da Abuja, amma a can ne kuma kuɗin haya da na mota suka fi tsada. Samfurin ayyukan da mutum ya taɓa yi yakan yi masa rana a wurin ciniki fiye da takardar makaranta.

Duk da haka doka ta kafa iyakar da ba a gangarawa ƙasa da ita. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya fara da Naira 125 a wata a 1981. Ya kai Naira 18,000 a 2011, da Naira 30,000 a 2019, sa'an nan a watan Yuli na 2024 aka mayar da shi Naira 70,000. Amma lalle ne a lura, dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi mai aikin rabin rana ko wanda ake biya jinga ko kamasho ba. Ƙananan maɗaba'u da shagunan kwamfuta da yawa suna cikin wannan rukuni. Saboda haka wanda zai kama aiki a irin waɗannan wurare, takardar ɗaukar aiki ita ce garkuwarsa. Ya nemi a rubuta masa adadin albashi, da ranar biya, da lokutan aiki, da abin da za a ba shi idan ya wuce lokaci.

Game da fansho, dokar 2014 ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, shi kuma ma'aikacin a cire masa kashi 8. Idan rigima ta taso a kan albashi, ofisoshin ƙwadago da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa su ne wuraren kai ƙara.

Mai Zaman Kansa

Babu wata doka da ta yanke farashin zana tambari ko katin biki. Mai zaman kansa shi ke yanka wa aikinsa kuɗi, kuma a nan ne masu fara sana'ar suka fi yin hasara. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya dubi albashin abokinsa na ofis ya raba shi kwana 30, ya ce wannan ne ladansa na yini. Ya manta cewa ma'aikacin ofis ba shi ke sayen kwamfuta ba, ba shi ke zuba mai a janareta ba, ba shi ke biyan kuɗin data da na manhaja da hayar shago ba. Idan ya kwanta ciwo albashinsa na tafiya. Mai zaman kansa kuwa duk waɗannan a wuyansa suke.

Ga misalin lissafi, ba don a ɗauke shi farashin hukuma ba, sai don a ga hanyar. A ƙaddara mai zayyana yana bukatar Naira 180,000 a wata don cefane da haya da sauran hidimar gida. Kayan aiki da mai da data da shago suna cin Naira 90,000. Yana kuma son ya ajiye Naira 30,000 saboda rashin lafiya da tsufa da ranar da kwamfuta za ta mutu. Jimla Naira 300,000 ke nan. Idan yana aiki kwana 24 a wata, awa 8 kullum, yana da awa 192. To, amma kusan rabinsu a neman masu ba da aiki suke tafiya, da zirga-zirgar maɗaba'a, da bin bashi, da jiran wuta. A ce awa 100 ce ta ainihin zane. Ashe kowace awa tilas ta kawo masa Naira 3,000. Katin da ya ci awa 2 ya tashi a Naira 6,000, tambarin kamfani da ya ci awa 15 kuwa Naira 45,000. Duk abin da ya karɓa ƙasa da haka, daga aljihunsa ya cika.

Wannan lissafi ba a yinsa sau ɗaya a ajiye. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, kuɗin mai da na kayan da ake shigowa da su daga waje sun yi tashin gwauron zabi. Wanda ya ci gaba da karɓar farashin 2022 aikin banza ya yi ta yi bai sani ba.

Aikin Ƙasashen Waje

Ta hanyar intanet, mai zayyana da ke Kano ko Enugu yana iya yi wa mutumin Amurka ko Ingila aiki a biya shi da dala. Shafuna irin su Fiverr da Upwork su ne dillalan wannan kasuwa, kuma suna cire la'adarsu. Fiverr yana ɗaukar kashi 20 cikin 100, watau aikin dala 50 dala 40 ce ke shiga hannun mai shi, kafin a cire kuɗin aikowa da na canji. Bugu da ƙari, a can mutum yana gogayya ne da masu zane na duniya baki ɗaya.

Wa Ya Mallaki Zanen?

Zane yakan daɗe yana amfani bayan an manta da kuɗin da aka biya. Taiwo Akinkunmi yana ɗalibi a Landan ya zana tutar Nijeriya, aka zaɓe ta a gasar da aka yi kafin samun mulkin kai, aka ba shi kyautar fam 100. An ɗaga tutar ran 1 ga Oktoba, 1960, amma sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu a 2023. A Amurka kuma, wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ta zana wa kamfanin takalma na Nike tambarinsa a 1971 a kan dala 35. Da kamfanin ya bunƙasa, sai a 1983 ya ba ta hannun jari don kyautatawa. Ba kowane mai zane ke dacewa da irin wannan tunawa ba.

Saboda haka ya kamata a san abin da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanada. Asali, haƙƙin zane na wanda ya zana ne, sai fa idan an yi yarjejeniya a kan wanin haka, ko kuwa gwamnati aka yi wa aikin. Sayar da haƙƙin ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Haƙƙin kuma yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai zanen. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ita ke kula da wannan doka. Ma'anar wannan ita ce, ladan katin da za a raba rana ɗaya dabam yake da na tambarin da kamfani zai mallaka ya yi ta bugawa a kan kayansa shekara da shekaru.

Abin Da Ya Kamata A Rubuta Kafin A Fara

Ko aikin ƙarami ne, ɓangarorin biyu su rubuta waɗannan abubuwa, kowa ya riƙe kwafinsa:

1. Irin aikin da yawansa, da ranar da za a miƙa shi.
2. Jimlar kuɗi, tare da bayyana ko kuɗin bugawa na ciki.
3. Kafin alƙalami. Masu sana'ar da yawa sukan karɓi rabi kafin su fara, sauran a ranar miƙawa.
4. Sau nawa za a yi gyara kyauta, da kuɗin gyaran da ya wuce haka.
5. Wanda zai mallaki zanen bayan an gama biya.

Mai ba da aiki ya tuna cewa araha ba ta ado, kuma zanen da aka kwafo daga na wani yana iya jawo masa shari'a. Mai zayyana shi ma ya tuna cewa kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski: in ya karɓi kafin alƙalami, ya cika alkawari a ranar da ya ɗiba, ya ba da rasit, ya kuma ajiye littafin shiga da fita domin lissafin haraji.