Yadda Gwamnati ke Ɗaukar Nauyin Koyar da Aikin Lantarkin Iska da Rana a Amurka

Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta gaba da sakandare wadda ake kammalawa cikin shekara biyu, ko ƙasa da haka ga mai neman takardar shaidar sana'a kaɗai. Akwai irinta kusan dubu a ƙasar. Kuɗin karatunta bai kai na jami'a ba, domin baitulmalin jiha da harajin yanki ne ke ɗaukar kaso mai tsoka na hidimarta. A nan ake yaye da yawa daga cikin masu kafa farantan sola da masu kula da manyan fankokin da ke samar da lantarki daga iska.

Wannan sana'a ba ta koyuwa da allo da alli kawai, shi ya sa take cin kuɗi. Kwalejin Iowa Lakes da ke garin Estherville a jihar Iowa ta buɗe sashen koyar da aikin fankar iska a 2004, kuma tana da fanka tata mai ƙarfin megawat 1.65. Kwalejin Mesalands ta garin Tucumcari a jihar New Mexico ta kafa tata mai megawat 1.5 a 2008. Ɗalibi yakan ɗaura ɗamarar kariya, ya maƙala igiyarsa, ya hau tsanin da ke cikin hasumiyar har ya isa ɗakin inji a ƙoli. A can zai duba man giya, ya ɗaure notuna, ya auna zafin janareta. Kafin ya taɓa waya sai ya kashe wuta, ya datse makunnin da kwaɗonsa, ya jefa mabuɗin a aljihu, don kada wani ya kunna yana tsakiyar aiki. Kuɗin da ɗalibai ke biya ba zai sayi irin waɗannan kaya ba.

Tallafin gwamnatin tarayya yana zuwa ta hanyoyi uku. Dokar Perkins, wadda aka sabunta a 2018, tana raba wa jihohi fiye da dala biliyan ɗaya a kowace shekara domin ilimin sana'a, kuma daga ciki ake sayen kayan aiki da horar da malamai. Tallafin Pell kuwa na ɗalibi ne mai ƙaramin ƙarfi, ba bashi ba ne, kuma mafi yawansa ya kai dala 7,395 a zangon 2023 zuwa 2024. Hanya ta uku ita ce kuɗin da ake warewa lokaci guda. Dokar farfaɗo da tattalin arziki ta 2009 ta ba Ma'aikatar Ƙwadago dala miliyan 500 domin koyar da ayyukan makamashi mai tsafta, sannan daga 2011 zuwa 2014 aka raba wa kwalejoji kusan dala biliyan 1.9 domin sake horar da ma'aikata a fannoni daban-daban, har da makamashi.

Ba duk kuɗin ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. A 2011 sufeto janar na Ma'aikatar Ƙwadago ya binciki shirin 2009, ya gano cewa waɗanda suka samu aiki zuwa lokacin ba su wuce kashi goma cikin ɗari na adadin da aka yi hasashe ba. A wurare da dama horon ya riga aikin zuwa. A Iowa kuwa, inda iska ke samar da fiye da rabin lantarkin jihar, ɗalibi na hango wurin aikinsa tun yana aji.

Dokar rage hauhawar farashi ta 2022 ta yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da ke tsakanin horo da aiki ta wata fuska: kamfanin da ke gudanar da babban aikin makamashi zai samu rangwamen haraji ninki biyar idan ya biya albashin da aka ƙayyade, ya kuma ɗauki masu koyon sana'a da aka yi wa rajista. Sai dai wata doka ta 2025 ta taƙaita wa'adin rangwamen ga ayyukan iska da rana, alhali kafa sashe da yaye ɗalibai na ɗaukar shekaru.

Tallafin ya fi yin amfani a inda kwaleji ta tsara darussanta tare da kamfanonin da ke kusa da ita, kuma kuɗin ya ɗore har ɗalibai su kammala su kama aiki.