Waɗanda Suka Buɗe Ƙofa

Shirinmu na musamman na yau ya waiwayi mutanen da aka karrama saboda sun karɓi bayin Allah da tashin hankali ya raba da gidajensu.

Ku biyo ni jihar Filato, ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wani ƙauye da ake kira Nghar Yelwa. Ranar Asabar 23 ga Yunin 2018, 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan yankin. Jama'a suka fantsama da gudu, mata da goyo, tsofaffi ana jan su. Yawancinsu Kiristoci ne 'yan ƙabilar Birom. Gudun ya kai su ƙofar limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin.

Liman bai tsaya tambayar kowa addininsa ba. Mata da yara ya shigar da su cikin gidansa, maza kuma ya kai su masallaci, aka rufe ƙofa. Mutum 262, kamar yadda aka ƙidaya daga baya. Ku riƙe wannan adadi, masu sauraro: mutum 262, a gida ɗaya da masallaci ɗaya na ƙauye.

Da maharan suka iso suka ce a fito musu da mutanen, tsohon nan ya fito shi kaɗai, ba sanda ba wuƙa. Ya tsaya tsakaninsu da ƙofa. Ya roƙe su, ya durƙusa har ƙasa, ya nuna musu gara su kashe shi da su taɓa baƙinsa. Allah cikin ikonsa, suka juya suka tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da Liman ya bayar da 'yan jarida suka same shi. Ya tuna musu cewa shekaru da dama da suka wuce, Kiristocin yankin ne suka bai wa Musulmi filin da aka gina wannan masallaci, kyauta. Wato masallacin da iyaye suka ba da filinsa, shi ne ya ɓoye 'ya'yansu ranar da mutuwa ta biyo su. Kuma a rahotannin farko, an sakaya sunan Liman don gudun kada a dawo a huce a kansa. Mutumin da duniya za ta karrama, da farko ko sunansa ba a iya faɗa. A watan Yulin 2019 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ba shi lambar yabo, a 2022 kuma gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Allah ya saka wa Malam da alheri.

Daga Filato sai Maiduguri. Akwai wata lambar yabo da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa duk shekara tun 1954, mai ɗauke da sunan Nansen, wani mutumin ƙasar Norway da ya ƙirƙiro takardar tafiya ga waɗanda ba su da ƙasa bayan yaƙin duniya na ɗaya. A 2017 wannan lamba ta zo Najeriya, hannun Barista Zannah Mustapha.

Shi lauya ne. A 2007 ya buɗe makarantar marayu mai suna Future Prowess da yara 36. Karatu kyauta, abinci kyauta, tufafin makaranta da magani kyauta. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, marayu suka yawaita, sai ya yi abin da mutane da yawa suka ga kamar ganganci ne: ya karɓi 'ya'yan jami'an tsaron da aka kashe, ya karɓi 'ya'yan mutanen gari, ya kuma karɓi 'ya'yan mayaƙan Boko Haram ɗin kansu. Aji ɗaya, allo ɗaya, malami ɗaya. Lokacin da aka karrama shi, ɗaliban sun haura 500. Kuma yardar da ya samu daga kowane ɓangare ce ta sa ya shiga tsakani har aka sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016, da wasu 82 a Mayun 2017.

Ni dai a ganina sun cancanta, ba ja. Amma akwai abin da ke damuna duk lokacin da na ga hoton ana miƙa lamba a babban zaure a Janeba ko Washington. Lamba mutum ɗaya take ɗauka, alhali aikin nan dubban gidaje ne suke yin sa. A jihar Borno, mafi yawan waɗanda suka gudu ba a sansani suka zauna ba, a gidajen mutane suka zauna. A jihar Maraɗi ta Nijar, da 'yan bindiga suka koro dubun dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a 2019, talakawan ƙauyukan Gidan Runji ne suka fara tarbarsu, suka buɗe rumbu, kafin hukuma ta zo ta tsugunar da wasu a wurare irin su Garin Kaka. Waɗannan masu masaukin ba mai kiran sunansu a rediyo.

Ku ma nan, mutanen Rogo da Karaye, ba baƙin wannan labari ba ne. Dattawan Karaye sun san zafin tashi, tun lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, ruwa ya shanye gonaki, mutane suka kwashe kayansu suka sake mazauni. Ga shi kuma kuna bakin iyaka da Katsina, inda 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Idan mace ta sauka a mota da yara huɗu da ƙullin kaya, ta ce daga can take, mai unguwa ake nufa da ita, ko liman. Wani ya ba da ɗaki, wata ta aiko da tuwo, wani ya yanka mata gefen gona ta noma. Ba a rubuta wannan a ko'ina. Kuma mai yin sa sau da yawa shi ma kwanon masara yake awo.

Malamanmu sukan tuna mana da mutanen Madina da suka raba dukiyarsu da masu hijira daga Makka, da Najjashi, sarkin Habasha, Kirista, da ya ƙi miƙa Musulmin da suka fake a ƙasarsa. To me zai hana hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi su riƙa kiran irin waɗannan gidaje a bainar jama'a, ko da ranar 20 ga Yuni ce, ranar 'yan gudun hijira ta duniya? A yi musu godiya, a haɗa da buhun hatsi da taki, domin baƙo yana ci, kuma yaransa suna buƙatar gurbi a makaranta.