Ko Kun Sani? Kwalba Ɗaya Takan Koma Kasuwa Har Sau 50

A Jamus, kwalbar gilashi ta ruwa ko lemo takan koma kamfani, a wanke ta, a sake cika ta har sau 50 kafin a narkar da ita. Gorar roba mai kauri kuwa takan yi kamar sau 25. Abin da ke dawo da su shi ne kuɗin ajiya: mai saye yakan ƙara santi 8 zuwa 15 na Yuro a kan kowace kwalba, ya karɓi abinsa idan ya mayar da ita shago.

Tun 1 ga Janairu 2023, doka ta wajabta wa gidajen abinci da na shan kofi masu zuba wa mutane a robar yarwa su tanadi kwano da kofin da ake wankewa a sake amfani da su, kuma ba a yarda su tsawwala farashi ga wanda ya zaɓi wannan ba. An ɗauke wa ƙananan shaguna wannan nauyi, wato masu ma'aikata biyar ko ƙasa da haka, waɗanda faɗinsu bai wuce murabba'in mita 80 ba, amma dole su zuba wa duk wanda ya zo da kwanonsa.

Garin Tübingen ya ƙara da haraji tun 2022: santi 50 a kan kowane kofi ko kwanon yarwa, santi 20 a kan cokalin yarwa.