Wuta a Tsakar Gida

A ƙauyukan Isa da Sabon Birni, daga bakin gulbin Bunsuru har zuwa iyakar Nijar, hunturu lokacin fargabar gobara ne. An gama girbi, rumbuna sun cika da gero, darni ya bushe ƙayau, ga iska ba ta hutawa. Duk da haka ba matar da ke kai murhunta bayan gari don gudun gobara. Wuta tana nan a tsakar gida, tsakanin duwatsu uku, taku kaɗan daga inda yara ke kwana. Doka kawai aka kafa mata. In an aiki yarinya ɗebo wuta a maƙwabta, a kasko take ɗaukowa, uwar na bin ta da murya: "Ke 'yar nan, tare iskar da jikinki, kada ki bi ta gindin rumbu." In an sauke tuwo, a janye itacen, a binne garwashin da toka.

Kiristocin ƙasar Gobir 'yan kaɗan ne a tsakiyar Musulmi, a nan da tsallaken iyaka wajen Tsibiri da Maradi, inda mishan ta SIM ta daɗe da zama. Tun 1932 suke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, amma da yawa kan tsallake Littafin Firistoci, wai dokoki sun yi yawa, Allahn da ke ciki kuma kamar mai nisa ne. A ganina sun karanta shi a baibai. Ba a yi wa wutar da ke can cikin daji doka. Dokokin sun yi yawa ne domin Mai Tsarkin ya sauka a tsakiyar zango. Littafin Ƙidaya ya nuna tsarin: alfarwa ta sujada a tsakiya, Lawiyawa sun kewaye ta, sannan kabilu goma sha biyu, uku uku a kowace kusurwa. Can ciki, bayan labule, babban firist ne kaɗai ke shiga, shi ma sau ɗaya a shekara.

Wanda ya yi sakaci kuwa ya gani a jikinsa. Nadab da Abihu, 'ya'yan Haruna, sun kawo wutar da ba a umarce su ba, suka mutu nan take. Labarin Uzza ya fi ɗaure kai. An ce Kohatawa, wani dangi na Lawiyawa, su riƙa ɗaukar akwatin alkawari a kafaɗa da sanduna, kada hannu ya taɓa shi. A zamanin Dawuda sai aka ɗora shi a kan sabon amalanke kamar damin hatsi. Shanu suka yi tuntuɓe, Uzza ya kai hannu ya tare, ya faɗi matacce. Dawuda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa: ya karkatar da akwatin zuwa gidan Obed-edom. Wata uku ke nan sai labari ya zo masa cewa gidan nan albarka ta sauka a cikinsa. Ya koma ya ɗauko, wannan karon a kafaɗun mutane. Abin da ya kashe Uzza shi ne ya raya gidan Obed-edom, kuma duk mai girki ta san yadda hakan ke yiwuwa.

Akwai wani gefen da ya fi taɓa mutanen wannan yanki. Tun 2019 dubban mutane suka tsere wa 'yan bindiga, suka ƙetara zuwa jihar Maradi, wajen Gidan Rumji. Matar da ta bar ɗakinta da rumbunta, inda duk dare ya yi mata takan nemi duwatsu uku ta hura wuta, wurin ya fara zama gida. Shi ma Ezekiyel an raba shi da gida: firist ne da aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A bakin kogin Kebar, nesa da Haikali, ya ga ɗaukakar Allah a kan kursiyi mai ƙafafun tafiya. Da aka rushe Haikalin a 586, waɗanda aka kwashe sun riga sun ji daga bakin Ezekiyel cewa Allah da kansa ne wurin sujadarsu a ƙasar gudun hijira.

Malaman Kirista suna ɗaure wannan zare da Sabon Alkawari: Yesu ya taɓa kuturu, maimakon ya ƙazantu sai kuturun ya tsarkaka; labulen Haikali ya tsage ranar mutuwarsa; ranar Fentikos harsuna kamar na wuta suka sauka a kan kowane mai bi. Daga nan wasu masu wa'azi kan yi magana kamar wutar ta huce, saura ɗumi kawai. Su dai duba Ayyukan Manzanni. Sura uku bayan Fentikos, Hananiya da matarsa Safiratu suka sayar da fili, suka ɓoye wani abu daga kuɗin, suka ce wa ikilisiya iyakarsa ke nan. Samari ne suka fitar da gawarsu ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu kamar awa uku.