Lambar haraji: abin da ya kamata ka sani kafin ka sayi gida a ƙetaren iyaka

Mutumin Kona ko Korgom ko Mayahi da ya daɗe yana cin rani ko fatauci a Kano ba ya jin kansa baƙo. Harshe ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, wataƙila ma uwar 'ya'yansa 'yar Daura ce. Amma ranar da ya tara kuɗi ya ce zai sayi gida ko shago, ma'aikacin ofishin filaye ba ruwansa da Hausar bakinsa. Takarda zai duba, a takarda kuwa shi ɗan Nijar ne. Cikin abubuwan farko da za a tambaye shi akwai lambar haraji.

Mece ce lambar haraji?

Lamba ce da hukumar haraji ta wata ƙasa take ba mutum ko kamfani don ta gane shi a littafinta. Sunaye suna maimaituwa; Musa Abdu nawa ne tsakanin Tasawa da Katsina? Lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Duk abin da ka biya gwamnati, ko take bin ka, a ƙarƙashin wannan lambar ake rubuta shi.

A Nijar sunanta NIF, kuma babbar hukumar haraji ta ƙasa, DGI, ita ke bayar da ita. 'Yan kasuwar da ke fitar da kaya daga duwan sun san ta sarai. A Najeriya an fi saninta da TIN.

Ina da NIF tawa ta Nijar, ba ta wadatar ba?

Ba ta wadatar ba. Kowace ƙasa da nata littafin, kuma harajin gida ana biyansa ne a ƙasar da gidan yake, ko da mai shi yana kwana a Maijirgi. NIF ɗinka tana nan da amfaninta a gida, amma a Najeriya sai ka yi sabuwa.

Me ya haɗa sayen gida da haraji?

Cinikin gida ba ya ƙarewa a hannun dillali da shaidu. Bayan an shafa fatiha akwai harajin hatimi da ake biya kafin yarjejeniyar ta samu ƙarfi a gaban kotu, akwai kuɗin rajista, akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Jihohin Najeriya da dama kuma suna neman takardar shaidar biyan haraji ta shekaru 3 da suka wuce kafin su sauya sunan mai fili. Ba a ba da wannan takarda ga wanda ba shi da lamba.

Sai batun biyan kuɗin. Dokar Najeriya ta 2022 kan halatta kuɗin haram ta hana mutum ya bayar ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba; na kamfani miliyan 10 ne. Gidan kirki a Kano ko Katsina ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Ke nan dole ka bi ta banki, banki kuma yana son sanin ko kai wane ne. Haka nan idan za ka ƙetare iyaka da kuɗin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa a sefa, wajibi ne ka bayyana wa jami'an kwastan. Wanda ya ɗauro kuɗinsa a buhu ya bi ta bayan gari, ranar da aka tambaye shi asalin kuɗin ba shi da abin nunawa.

Idan kuma haya za ka ba da gidan, kuɗin hayar kuɗin shiga ne, akwai haraji a kansa.

Yaya ake samunta a Najeriya?

A nan sai ka lura, domin tsarin ya sauya. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, suka fara aiki a Janairun 2026. Hukumar tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS. A sabon tsarin, lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ita ce tushen lambar harajin mutum, kamfani kuma lambar rajistarsa ta hukumar CAC.

To baƙo fa? Hukumar NIMC mai ba da NIN tana yi wa baƙon da ke zaune a ƙasar bisa doka rajista, a matsayinsa na baƙo. Saboda haka matakin farko shi ne takardar izinin zama daga hukumar shige da fice. Da ita da fasfonka za ka nemi NIN, sannan ka je hukumar harajin jihar da kake zaune, misali KIRS a Kano. Wanda ba mazaunin Najeriya ba ne sam, yana Tasawa yana son mallakar gida can, harkarsa tana hannun hukumar tarayya ne, kuma ya fi masa sauƙi ya wakilta lauya.

Za ka ce ai Nijar ta fita daga ECOWAS. Gaskiya ne, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Sai dai ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardun 'yan Nijar, Mali da Burkina Faso, da barinsu su shiga su zauna, har sai an yanke wata shawara. Wannan rangwame ne na wucin gadi. Kafin ka saki kuɗi, ka tambayi ofishin shige da fice halin da ake ciki a ranar.

Akwai gajeriyar hanya da kowa ya sani a garuruwan bakin iyaka: a samo takardar shaidar asalin wata ƙaramar hukuma, mutum ya zama ɗan Najeriya da rana tsaka. Laifi ne a doka, kuma a ganina asarar da ke cikinsa ta fi ribar. Sunan da ke kan takardar gidan da ranar haihuwar sai su saɓa da na fasfonka na Nijar. Kana raye za ka iya kare kanka da baki. Bayan ranka, 'ya'yanka da suka taso daga Kona da takardun Nijar za su sha wuya kafin su nuna cewa mai gidan nan mahaifinsu ne.

Nawa ake biya?

Lambar harajin kanta kyauta ce a Najeriya. Wanda ya ce ka ba shi kuɗin lamba, ladan zirga-zirgarsa yake karɓa, sai ku yi ciniki a kan haka. Inda kuɗi ke tafiya shi ne takardar zama, lauya, ma'aunin fili, harajin hatimi da rajista. Waɗannan sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma yawanci kaso ne na darajar gidan. Ka nemi rasit na hukuma a kan kowane biya.

Idan na samu lambar, gidan ya zama nawa ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Lambar haraji tana nuna cewa gwamnati ta san ka. Ba ta ba ka ikon mallakar ƙasa.

Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin 'yan Najeriya. Abin da mutum ke samu izinin zama ne a kan filin, galibi na shekara 99, da takardar da ake kira C of O. Duk wanda zai sayar wa wani kuma sai da amincewar gwamna. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani Bajamushe da ya sayi fili a Kajuru ta jihar Kaduna. Da yake baƙo ne, sai aka rubuta filin da sunan kamfanin da yake shugabanta. Daga baya ya nemi kotu ta ce filin nasa ne, kamfanin riƙon amana kawai yake yi. Kotu ta ƙi, ta ce dokar ta 'yan Najeriya ce.

Wannan shari'a ta shafi al'adar da muka saba da ita, ta rubuta gida da sunan aboki, maigida ko suruki. Amana tana nan a tsakanin mutane, ba a musu. Amma aboki yana mutuwa, magadansa kuma takarda za su bi. Hanyoyin da lauyoyi suka fi ba da shawara su ne hayar dogon zango da yardar gwamna, ko kafa kamfani mai rajista a Najeriya wanda zai riƙe filin da sunansa, kai kuma hannun jarinka a rubuce. Dokokin jihohi ba iri ɗaya ba ne, don haka lauyan ya zama na jihar da gidan yake. Kuma kafin a biya ko sisi, a bincika fayil ɗin filin a ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, a ga sunan wa ke ciki, kuma ko an jinginar da shi a banki.

Sauran ƙasashe fa?

A Ghana, inda Hausawa suka cika zangon Kumasi da Accra, katin shaida na ƙasa ya zama lambar haraji tun 2021, akwai kuma nau'insa na baƙi. Tsarin mulkin ƙasar bai yarda baƙo ya riƙe fili sama da shekara 50 a zango ɗaya ba. A Turkiyya fasfo ya isa a ba ka lambar. Portugal tana kiran tata NIF, kamar Nijar, Spain kuma tana ba baƙo lambar NIE. Babu cinikin gida a can sai da su. Dubai ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga mutum, amma akwai kashi 4 cikin 100 na kuɗin sauya suna, kuma unguwannin da aka keɓe kaɗai baƙo ke iya saye.

Idan Bakatsine ne ya zo saye a Tasawa ko Mayahi?

Shi ma baƙo ne a takarda. NIF zai nema a ofishin haraji na DGI, da shaidar ko shi wane ne da ta inda yake zaune. Idan fili ne cikin gari, takardar da ta fi ƙarfi ita ce titir fonsiye, wato takardar mallaka da aka yi wa rajista a littafin filaye na gwamnati, kuma ya fi aminci a rubuta cinikin a gaban notar, jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da yarjejeniya.

Gona kuwa tana ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, a matakin ƙauye, ƙaramar hukuma da kuma gunduma. Su ke ba da takardar shaidar saye, bayan mai gari da maƙwabtan gonar sun tabbatar da iyaka. A ƙasar Tasawa da Mayahi, inda gonaki suka matse kuma yawancinsu na gado ne da ba a raba ba, mai saye ya tabbatar duk magada sun sa hannu, har da mata da waɗanda suke Libiya ko Legas wajen neman kuɗi.