Kurkurar Baki da Ruwan Tsirrai Bayan Cire Haƙorin Ƙarshe

Turmin ƙarshe, wato haƙorin da ke can ƙuryar muƙamuƙi, yakan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, kuma sau da yawa yakan tarar da wuri ya cika, sai ya karkace ko ya maƙale cikin dasashi, har ta kai ga babu makawa sai an cire shi. Bayan cirewa jini yakan daskare a ramin ya zama guda, kuma wannan gudan jinin ne ke rufe ƙashi da jijiya har sabon nama ya tsiro. Idan ya fice da wuri ƙashi ya zauna a buɗe, bayan kamar kwana uku sai azababben ciwo ya taso yana harbawa har kunne, tare da warin baki.

Saboda haka ne likitocin haƙori ke hana kurkurar baki da kowane irin ruwa a sa'o'i 24 na farko. Daga nan sai a fara da ruwan ɗumi da aka narka rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, a riƙe shi a baki, a karkata kai a hankali, sannan a bar shi ya zuba da kansa ba tare da an furzar da ƙarfi ba.

Cikin tsirrai, kanumfari ne ya fi cancantar a yi maganarsa, domin yana ɗauke da wani mai da ake kira yujinol wanda ke kashe zafi, kuma likitoci da kansu suna sa shi cikin maganin da suke cusawa a ramin da gudan jininsa ya fice. Sai dai tsantsar man yana ƙona dasashi, haka ma tafarnuwar da wasu ke dannawa a kan rauni. 'Ya'yan kanumfari kaɗan da aka tafasa, aka tace da kyalle mai tsabta don kada ɓarɓashi ya faɗa ramin, aka kuma bar ruwan ya huce, sun wadatar, muddin ba a ajiye shi ya kwana ba. Bagaruwa da ganyen shayi suna da bauri mai ɗaure nama, amma babu ɗayansu da ke maye gurbin maganin kurkura na Chlorhexidine idan likita ya rubuta shi, ko da yake shi ma yana rina haƙora in an daɗe ana amfani da shi.

Zazzaɓi, ko mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko wahalar haɗiya, alamu ne na ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma asibiti suke buƙata a ranar.